Inji ya buga: a yanka kiranshaf ko a ɗora na Beljiyam?

Kana tafe a tsohuwar Golf 3 ɗinka sai jan fitilar mai ta kawo, can ƙasan inji ka fara jin ƙwas ƙwas ƙwas, in ka taka totur ƙarar ta ƙaru. To malam abu na farko ka gangara gefe ka kashe motar nan take, kar ka ce bari in lallaɓa in kai gida, wannan lallaɓawar ce ke maida aikin metal kaɗai, wato siraran ƙarafan da kiranshaf, sandar da ke juyawa a ƙasan inji, ke kwanciya a kansu, ya koma aikin inji sukutum. A jawo ta zuwa gareji.

Da ka isa za ka ji magana biyu. Wani bakanike zai ce oga a yanka kiranshaf a sa metal shikenan, wani kuma tun bai ɗaga bonet ba zai ce inji ya tafi sai dai a sayo na Beljiyam. Duk su biyun kar ka biye musu tukuna, don ba wanda ya san gaskiyar ɓarnar sai an buɗe an auna.

A fara da juye baƙin mai a cikin roba mai tsabta ka duba da idonka a rana. In ka ga yana ƙyalli da ɓurɓushin ƙarfe, metal ya cinye kenan. Sai a kwance botom filet, wato kaskon da mai ke zama a ƙasa, a cire murafun konrod, wato sandunan da ke haɗa fistin da kiranshaf, ɗaya bayan ɗaya. Ka sa farce ka ja a kan wuyan kiranshaf inda metal ke kwanciya. In sumul yake farcenka bai maƙale ba, wataƙila gogewa kawai yake so da sabon metal. In farce na maƙalewa a zane, sai yanka. In kuwa wurin ya yi shuɗi-shuɗi ko baƙi, zafi ya dafa ƙarfen, kuma nan ne ya kamata ka fara shakkar gyaran.

Yankan nan ba wai yadda aka ga dama ake yinsa ba, mataki-mataki ne. Daga sitanda a sauko 010, sai 020, sai 030, wato an rage 0.25, 0.50 ko 0.75 na milimita, kuma kowane mataki da metal ɗinsa mai kauri daidai da abin da aka rage. Saboda haka kafin a kai wa masu yanka, a juya bayan tsohon metal ɗin a karanta, yawanci ana buga STD ko lambar a jiki. Mota irin Golf 3 da aka fara ƙerawa tun 1991, ta zaga hannu nawa kafin ta zo gunka, ba mamaki an taɓa yanka shi sau ɗaya ko biyu ba ka sani ba. In ya riga ya kai 030 ni dai ba na ba da shawarar a ƙara taɓa shi, gara ka nemo wani kiranshaf ɗin sitanda a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna. Wannan hanya ta uku mutane na mantawa da ita, alhali sau da yawa ita ce mafi sauƙi.

Kuma ka tabbata mai yankan da maikuromita yake awo ba da ido ba. Tazarar da ke tsakanin metal da kiranshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba, a nan mai ke shiga ya raba ƙarfe da ƙarfe, in ta yi yawa ƙarfin mai ya faɗi ƙara ta dawo, in ta matse inji ya kama. A duba ko ya lanƙwashe, a duba tsagewa musamman a kwanar wuya da bakin ramin mai. Kiranshaf mai tsaga ba a gyara shi, kar wani ya ruɗe ka da walda.

Yanzu ga inda hukuncin yake. Ɓarnar a kiranshaf ta tsaya ko ta wuce? In metal ya juya a cikin konrod ya cinye masa baki, konrod ɗin ma sai an canza, wannan da sauƙi. Amma in babban metal ne, wanda ke riƙe kiranshaf ɗin kansa, ya juya ya ci mazauninsa a jikin bulok, wato gangar jikin injin, ko konrod ya tsinke ya fasa bulok, ko kuma dama can motar na hayaƙi tana shan mai, silinda ta buɗe, tana zafi har kan inji ya taɓa lanƙwashewa, to ka daina lissafin gyara. Ka ɗauki biro ka rubuta komai, kuɗin yanka, metal na konrod da babba, ringi, gaskit cikakke, sil na gaba da na baya, famfon mai, tayimin bel, mai da filta, kuɗin aiki, har da kwanakin da motar za ta yi a ajiye in da ita kake neman abinci. In jimillar ta matso kusa da kuɗin injin Beljiyam, ɗora injin ya fi. In ko rabi ba ta kai ba kuma bulok lafiya lau, gyara naka, don naka ka san cikinsa, wancan kuwa a rufe za ka saye shi.

In gyaran ka zaɓa, kar a haɗa sai an gano abin da ya kashe metal ɗin tun farko. Mai ne ya ƙare? Famfon mai ne ya mutu, ko ragar da yake zuƙo mai ta toshe da dauɗa, ko jabun mai ake zuba mata? A wanke ramukan mai na cikin kiranshaf da na bulok da fetur a busa da iska, don ɓurɓushin da ya maƙale a ciki shi zai cinye sabon metal cikin ɗan lokaci. A ɗaure kusoshi da tok renc, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, ba da dogon bututu da ƙarfin yaron gareji ba, kuma kowane murfi ya koma inda aka ciro shi.

In kuma injin za ka saya, je da bakanikenka da lambar injinka a rubuce. Golf 3 kaɗai tana da iri-iri, a 1.8 akwai AAM da ABS da ADZ, ga 2E na 2.0, a ido kusan ɗaya suke amma wayarin da birenbos, wato kwamfutar injin, na iya bambanta, sai ka sayo ka dawo kana zaman rewaya. Buɗe murfin mai ka leƙa, in ka ga baƙin kunu ya daskare ko fari-fari kamar madara, wuce. A cire fulogi a duba a mayar, sannan a sa sifana a juya injin da hannu a ji yana zagayawa ba cijewa kuma yana da matsi. Ka lura da alamar sabon gam a bakin botom filet, don akwai injin da aka yi amfani da shi a nan gida aka wanke aka ce maka yanzu aka sauke daga kwantena. Roƙi a bari a buɗe ƙasan a ga metal, in mai kaya ya ƙi, to ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit tare da lambar injin, dama za ka buƙaci rasit ɗin wajen gyara takardun mota da kuma in an tsare ka a hanya.

Kafin a ɗora shi, tunda yana ƙasa, a canza tayimin bel da sil na bayan kiranshaf a duba kulocin ma gaba ɗaya. Tsohon injinka kuma kar ka bar shi a gareji a ce za a ajiye maka, kan injin da sauran tarkacen jikinsa kuɗi ne, ko dai a rage maka a cinikin sabon ko ka sa shi a but ka kai gida.