Darasi na 9: Kwamfuta da Hasashen Maganin Sankarar Kaluluwa

Kaluluwa takan fito a wuya ko a hammata ko a matsematsi, kuma galibi tana bajewa da zarar ciwon da ya jawo ta ya warke. Amma akwai kumburin da ba ya zafi, ba ya sauka, sai ƙaruwa yake yi mako bayan mako, mai shi yana ramewa, yana zazzaɓi, yana jiƙe shimfiɗa da gumi cikin dare. Wannan yana iya zama tarin fuka, yana kuma iya zama sankarar kaluluwa, wadda likitoci suke kira limfoma, kuma ba a tabbatarwa sai an yanki ɗan nama an duba shi a ɗakin gwaji. Nau'in da ya fi kama yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro shi ne wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, wanda yake girma cikin kwanaki ƙalilan.

Tambayar da iyali suke fara yi ita ce ko maganin zai yi aiki. Tun 1993 likitoci suke da ma'auni na ƙasa da ƙasa don manya masu limfoma mai saurin yaɗuwa, wanda yake duba abubuwa 5: ko shekaru sun haura 60, da nisan da cutar ta yi, da yawan wani sinadari mai suna LDH a jini, da ko mutum yana iya hidimar kansa, da yawan wuraren da ta kama ban da kaluluwa. Yanzu masu bincike suna ba kwamfuta bayanan marasa lafiya masu yawa da aka riga aka yi wa magani, tare da hotunan cikin jiki da sakamakon gwajin nama, da kuma yadda kowane ya ƙare. Ba a rubuta mata ƙa'idar da za ta bi. Ita take gano alamomin da suka yawaita ga waɗanda suka warke da na waɗanda cutar ta dawo musu, kamar yadda tsohon manomi yake gane hadari mai ruwa saboda yawan daminar da ya gani. Amfanin hasashen shi ne likita ya san wanda zai ƙara sa wa ido, ko ya sauya masa magani da wuri.

A nan ne ya kamata mu yi hattara. Yawancin bayanan da aka koyar da waɗannan na'urori da su daga asibitocin Turai da Amurka da Sin suka fito, inda ake gano cutar da wuri kuma magani ba ya yankewa. Na'urar ba ta san yaron da aka kawo daga wani ƙauye na yankin Marwa a Kamaru bayan an yi masa sakiya an shafa masa magunguna iri-iri ba, ba ta san tamowa ba, ba ta san kuɗin mota zuwa Ngaundere da na jirgin ƙasa zuwa Yawunde ba, alhali waɗannan ne sukan sa a yanke magani a tsakiya. Saboda haka abin da ta faɗa kintace ne kawai, kuma likitan da ya taɓa majiyyacin da hannunsa shi ne mai yanke shawara.

Namu aikin yana cikin ɗan littafin asibitin nan da ake rubuta awo da allurai. Ku sa shi cikin leda, ku haɗa da takardun gwaji, ku riƙa zuwa da shi kowane lokaci, domin daga irin waɗannan rubuce-rubuce ne za a iya tara bayanan da suka dace da mutanen Kamaru da Chadi. Idan kumburi ya sauka bayan ƙarin ruwan farko na maganin sankarar, kada ku ɗauka an gama, sai an cika zagayen da likita ya ƙayyade.

Aiki: Ku buɗe littafin asibitin wani na gida, ku nemo ranar komawa, ku kwafe ta a littafinku da lambobi.