Yadda zaka tantance labarin cuta kafin ka saka shi a rediyo

Da farko dai, in anka turo maka saƙon murya a WhatsApp wai wata baƙuwar cuta ta ɓarke a Anka ko Bukkuyum, dan Allah ɗan'uwa kar ka yi saurin ɗorawa. Nemo lambar jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukumar, ka kira shi.

Na biyu, kuma nan ne ake yawan tafka kuskure, ka tambaya alkaluman da aka baka na waɗanda ake zargi ne ko waɗanda gwaji ya tabbatar? Ba ɗaya bane wallahi. A 2010 da yara sunka dinga suma da jijjiga a ƙauyukan Zamfara an ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, sai da aka gwada jini aka gano gubar dalma ce daga niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu.

Na uku ka duba rahoton NCDC, wato hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, ka kwatanta.

Sai ka samu likita ya maka bayani da Hausa, in baka gane ba ka sake tambaya, ba kunya. Hoton majinyaci ko sunanshi kuwa, sai da izini.