Yadda Ake Zaɓen Kaurin Tsirkiya Ga Jita Mai Tsirkiya 12 Idan Za A Sauke Saiti

Masu koyo da yawa a nan Legas suna sayen jita mai tsirkiya 12, yatsu su fara ciwo, sai a ba su shawarar su sauke saiti, wato su sassauta tsirkiyoyin muryarsu ta yi ƙasa da saitin E da aka saba. Shawarar ba laifi, domin jan da tsirkiyoyin nan ke yi wa wuyan jita ya haura kilo 100 a saitin E. Matsalar ita ce wani zai sauke har C da tsirkiyar da ta zo da jitar, ta koma zizza kamar ƙuda a gwangwani. Wani kuma ya ruga kasuwar Alaba ya ce a ba shi mafi kauri, ya dawo ya cutar da jitarsa.

Kafin ka sayi komai, yanke inda za ka tsaya. Duk rabin matakin da ka sauka, jan tsirkiya na raguwa da kusan kashi 11 cikin 100. A D ka rasa kusan kashi 21, a C kusan kashi 37. Abin da ka rasa shi kauri zai mayar maka. Lissafin ba wuya: idan D za ka je, ninka lambar kaurin tsirkiya da 1.12, idan C ne ninka da 1.26. Lamba 10 ta zama 11 a D, ta zama 13 a C.

Fakitin da aka fi samu shi ne 10 zuwa 47: 10/10, 14/14, 23/8, 30/12, 39/18, 47/27, domin tsirkiyoyin bibbiyu suke, kowace babba da abokiyarta. Idan rabin mataki kawai za ka sauka, bar shi, kada ka ɓata kuɗinka. A D zai yi aiki amma da laushi, kuma mai bugu da ƙarfi ba zai ji daɗinsa ba. A wurina, daga D zuwa C# (rabin mataki ƙasa da D) fakitin 12 zuwa 52 ne kawai abin sawa.

C ce ke da aiki, don da wuya ka samu fakitinta a haɗe. Sayi fakitin jita mai tsirkiya 6, lamba 13 zuwa 56, shi zai ba ka manyan. Ga wata dabara da ke rage tsada: tsirkiyar da ba a naɗe ba iri ɗaya ce a jitar lantarki da ta katako, kuma fakitin lantarki na 10 zuwa 46 yana ɗauke da 10, 13 da 17. Ka samu abokiyar tsirkiyar G da abokan sirara biyun ƙasa ke nan. Saura uku ka nema ɗaya-ɗaya: 15 ga abokiyar tsirkiyar D, 22 ga ta A, 32 ga ta E.

A nan ne mafi yawa ke faɗuwa. Sukan ƙara kaurin manyan, su bar ƙananan abokan yadda suke, wai ai sirara ne ba su da tasiri. Su ne ke ba jitar nan ƙarar da aka saye ta dominta. Siririyar tsirkiya da ta yi sako-sako, da ka danna ta sai muryarta ta ɗaga fiye da ta babbar da ke gefenta. Ka saita su ba tare da dannawa ba su yi daidai, ka danna a ƙarfe na biyar cikin ƙarafan da ke jere a wuyan jita ka ji suna faɗa da juna, ka yi ta murɗa kunnen saita tsirkiya a banza. Lamba 8, abokiyar G, wadda kowa ke kuka da ita don yawan tsinkewa, ana yin ta siririya ne saboda ta fi kowace tsirkiya a jitar tashin murya. Da ka sauka D, tsoron ya kau, sa 9 ko 10. Abokiyar A kuma, idan ta kai 22, nemi naɗaɗɗiya. Wadda ba a naɗe ba ta yi tauri a wannan kaurin, ba ta zama daidai a saman wuya.

Bayan ka ɗaura, duba ƙashin nan mai tsaga-tsaga da ke kusa da kunnuwa. An yanka tsagar ne daidai da tsirkiya 47, ka cusa mata 56. Alamar ita ce kana murɗawa ka ji "ƙis", muryar ta yi tsalle. Idan ka duba da kyau za ka ga tsirkiyar a zaune bisa bakin tsagar, ba ta shiga ba. Kai wa mai gyara ya faɗaɗa da abin gogawa, sannan ka goga bakin fensir a ciki. Kada ka tilasta, ƙashin yana tsagewa.

Sai wuya. Matse ƙarfe na farko da kafo, wato abin da ake maƙalawa a wuya ya danne duk tsirkiyoyin, danna na 14, ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya da ƙarfe na bakwai. Kaurin katin waya na takarda ya isa. Idan ta wuce haka, ɗaure sandar cikin wuya da alanki, kashi ɗaya cikin huɗu na juyi kawai, ka bari ta kwana. Damshin damina da bushewar hunturu suna motsa katako, don haka sake dubawa idan yanayi ya juya. Iskar Legas kuma na cin tsirkiya da tsatsa, musamman ƙananan, sai ka riƙa gogewa da busasshen ƙyalle bayan kowane bugu.

Liƙa takarda a bayan kan jitar ka rubuta saitin da take kai. Jitar da ke ɗauke da 13 zuwa 56, idan abokin aiki ya ɗauka ya ja ta zuwa E, jakin da tsirkiya ke hawa zai iya ɗagowa, fuskar jitar ta kumbura. In kana son bin sauran makaɗa a E, sa kafo: ƙarfe na biyu idan kana D, na huɗu idan kana C.