Rikiɗar jiki a wasan tebur: kada ka zube ta gaba ɗaya

Jagoran wasan tebur, irin wanda kowane ɗan wasa ke taka rawar jarumi a labari, in kana so jikin jarumin wani ya rikiɗe don ban tsoro, raba abin zama uku. Rubuta kowane mataki a 'yar takarda, ka miƙa wa mai jarumin shi kaɗai.

Zaman farko, farcensa ya yi laushi, fata na ƙaiƙayi daga ciki.

Na biyu, haƙori ya faɗi, wani abu na tsirowa a gurbin. Nan ka ba shi riba: a wasan ban tsoro na Call of Cthulhu, ƙarin dayis wajen gwajin sauraro, amma ya jefa dayis na gwajin lafiyar hankalinsa.

Na uku, kowa ya gani.

Jini da hanji lokaci guda ƙyama kawai suke jawowa, kuma nan da nan take wucewa. Ribar ce ke sa ɗan wasan ɓoye ciwon, yana jan ƙafa wajen neman magani. Tsoron daga nan yake fitowa.

A D&D (wasan Dungeons & Dragons) dabarar kan rushe, domin mai sihirin warkarwa na Greater Restoration zai nemi wanke ciwon nan take. Sai ka tsadada maganin. Wasan zama ɗaya kuwa ba ya ba da lokaci.

Kafin farawa, tambayi kowa abin da ba ya so a taɓa, ido ne, juna biyu ko tsutsa. Ajiye X-Card, wato kati mai alamar X, a tebur. Duk wanda ya taɓa shi, a tsallake wurin ba tambaya.