Yadda ake karanta fayil mai makulli a Perl ba tare da kuskure ya ɓuya ba

A wani shagon kwamfuta a Samaru na tarar da ƙanena ya haɗa gumi. Shirinsa na Perl (harshen rubuta shirin kwamfuta) ya ce ba wanda ya biya kuɗin buga takarda ranar, alhali tun safe ɗalibai ke kan layi. Ashe an matsar da fayil ɗin ne, shirin kuma bai ce uffan ba. Ga layin da ya cuce shi:

`open my $f, '<', $suna || die "ya ƙi buɗuwa";`

Fara gyara daga nan. Alamar `||` tana riga waƙafi kama abin da ke kusa da ita, saboda haka Perl sunan fayil kawai take dubawa. Tunda suna ba fanko ba ne, `die`, mai tsayar da shiri ya faɗi kuskure, ba zai taɓa tashi ba, ko da fayil ɗin ya ɓace. Shi kuwa `or` can ƙasa yake, sai `open` ya gama nasa kafin ya sa baki:

`open my $f, '<', $suna or die "$suna: $!";`

Kada ka bar `$!`, shi ke faɗa maka ko babu fayil ne ko izini aka hana. Ni ba na yarda da `||` a gaban `die` ko kaɗan, ko an sa baka.

Sai makulli. Sa `use Fcntl ':flock';` a sama, sannan:

`flock $f, LOCK_SH | LOCK_NB or die "a kulle yake: $!";`

Duba da kyau, sanda ɗaya ce a tsakani. LOCK_SH (makullin masu karatu) 1 ne, LOCK_NB (kada a tsaya jira) 4, sanda ɗaya ta haɗa su su zama 5. In ka sa biyu, 1 kaɗai za ka samu, shirin ya tsaya cak yana jiran mai makulli, kai kuma kana ƙona man janareta kana zargin kwamfuta. Na taɓa ɓata yini guda a kan wannan.

In an hana ka, maimakon `die` nan take, jira daƙiƙa ɗaya ka sake, sau biyar ya isa. Karanta layukanka, ka rufe da `close`, makullin zai saki da kansa. Shirin da ke rubutu a fayil ɗin shi ma dole ya riƙe LOCK_EX (makullin mai rubutu shi kaɗai), domin `flock` ba ya tare wanda bai nemi makulli ba.