Darasi na 7: Idan Ruwan Famfo Ya Rage Ƙarfi

A gidan da ke da rijiyar burtsatse, hanyar ruwa ɗaya ce. Injin da ke cikin rijiya, wanda ake kira sumo, shi ke tura ruwa tanki, daga tanki ya gangaro famfo. In ruwa ya soma zuwa a sanyaye, kada ku yi saurin sa a ciro sumo. Aikin yana cin kuɗi, kuma sau da yawa ba laifinsa ba ne. Ku fara bincike daga bakin famfo.

Famfo ɗaya ne ya yi sanyi, ko duka? In ɗaya ne, ku kwance kansa ku wanke, yashi ne ya toshe shi. Kan shawa ya fi yin haka.

In duka ne, a leƙa tanki. Yana cike? To a duba makunnin da ke gindinsa, wataƙila yara sun murɗa shi. A zagaya gida kuma: inda ƙasa ta jiƙe alhali ba a yi ruwa ba, bututu ya fashe a wurin.

Mutane da yawa suna zaton babban tanki ke kawo ƙarfin ruwa. Tsayi ne ke kawo shi. Tankin da aka ɗora a mita 6 ya ninka na mita 3 ƙarfin turi. Mai lita 2,000 da mai lita 500 kuwa, in tsayinsu ɗaya, bambancinsu kaɗan ne.

Sai idan tanki ya daina cika za a waiwayi rijiya. Wuta mai rauni tana sa sumo ya yi ta gurnani ba ruwa, don haka a gwada shi da janareta. In bai tashi ba, mai gyara ya duba kafasita, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa injin ya tashi, a akwatin kunnawa. A kashe wuta kafin kowa ya taɓa akwatin nan.

Daga Maris zuwa Mayu ruwan ƙasa kan ja baya. Za ku ga ruwa yana fita tsirit-tsirit, haɗe da iska ko laka. Ku kashe injin nan take, domin sumo da ke aiki ba ruwa ƙonewa yake yi. Ku ba rijiya hutu ta tara, sannan ku ja kaɗan-kaɗan.

Aikin gida: ku auna tsayin tankinku daga ƙasa, ku rubuta adadin a littafinku.