Yadda Nake Motsa Jiki Tun Da Al'adata Ta Ɗauke

Shekara biyu da ɗaukewar al'adata, kwankwasona ya fara ciwo. Da asuba sai na dafa gefen gado kafin in miƙe. Na rage zirga-zirga, na yawaita kwanciya, ashe ƙara wa kaina nake yi. Idan al'ada ta tsaya, sinadarin istirojin da jikin mace ke samarwa yana raguwa, ƙashi kuma ya riƙa zaizayewa da sauri a shekarun farko. Shi kuwa ƙashi sai ana ɗora masa nauyi yake riƙe ƙwarinsa. Shi ya sa iyo, duk daɗinsa ga gaɓoɓi, bai kai tafiya da hawan bene amfani ga ƙashi ba.

Ki fara da tafiya mai ɗan sauri, wadda za ki iya hira amma numfashi ya ɗan hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Ni da minti goma na fara.

Wanda ya fi yi mini aiki shi ne tashi-zauna. Ki jingina kujera da bango don kada ta zame. Ki zauna a bakinta, ƙafafu a ɗan ware, hannu a ƙirji, ki miƙe ba tare da dafa komai ba. Wajen komawa ki tura ɗuwawu baya, ki sauka a hankali kamar akwai ƙwai a kan kujerar. Sau goma, ki huta, ki sake. Ranar farko a na shida cinyoyina suka fara rawa. Yanzu ina yi riƙe da gorar ruwa mai lita ɗaya a kowane hannu, kilo ɗaya-ɗaya ke nan.

Don baya kuma, ki yi rarrafe a kan shimfiɗa, ki miƙe hannun dama gaba, ƙafar hagu baya, ki ƙirga biyar, ki canza. Kada ƙugu ya karkata. Sai tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da bango, ko lokacin goge baki ne, domin faɗuwa ce ke karya yawancin ƙasusuwanmu.

Abin da na daina shi ne sunkuyawa da lanƙwasa baya don ɗaukar kaya, balle in haɗa da murɗa jiki. Gwiwa nake lanƙwasawa, baya a miƙe, kayan a manne da ni.

Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma idan ciwon baya mai tsanani ya zo farat ɗaya, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya fara ƙwace miki, ki tsaya ki je asibiti ranar. Idan kin taɓa karaya daga ƙaramar faɗuwa, ko kin lura tsawonki ya ragu, ki ga likita a auna ƙarfin ƙashinki kafin ki ɗauki ko da gora ɗaya.